Shayin da muke dafawa: asalinsa da yadda ya kamata a sha shi

A Dumega da sauran garuruwan Arewa, da wuya mutum ya ratsa unguwa da la'asar bai tarar da ƴar buta bisa gawayi ba. Samari a fada, dattawa a ƙofar gida, manoma a bakin gona, kowa yana jiran kofinsa. To, amma mu nawa ne muka san inda ganyen nan yake fitowa, da abin da yake yi wa jikinmu?

Koren shayi daga ƙasar Sin ake kawo mana shi. Wani ɗan itace ne mai son ruwan sama da yawa da laima, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu. A Nijeriya ma sai can kan tsaunin Mambila, cikin jihar Taraba, ake noma shi. Baƙin shayi da kore duk itacensu ɗaya. Bambancin a wajen gyara yake. Da an tsinko ganye sai a gasa shi nan da nan cikin babban kasko, kafin ya rine. Daga nan a murza shi, a busar. Wani akan dunƙule shi ƙanana kamar harsashin bindigar mahalba, kuma lardin Zhejiang ya yi suna wajen wannan. Wani kuwa akan bar shi siriri a lanƙwashe, su kira shi Chunmee, don ya yi kama da gira.

Ta hannun fataken Ingila ganyen ya bazu a Maroko, musamman daga wajejen 1854. Daga can ya ratso hamada tare da ayarin Larabawa da Buzaye, har ya iso gare mu.

Abin mamaki, mutanen Sin ba sa tafasa shi. Sukan bar ruwa ya tafasa, su sauke ya ɗan huce, su zuba kan ganye kaɗan, su jira minti 2 ko 3. Ba sa sa sukari. Mu kuwa mukan cika buta da ganye, mu bar ta kan wuta har ruwan ya yi kauri, mu yi ta juyi daga kofi zuwa kofi don kumfa ta tashi. Ba mu ce a bar wannan ba, domin rabin daɗin shayi hira ce, kuma hira tana son jira. Sai dai mu sani, gwargwadon daɗewarsa a wuta, gwargwadon ƙarfin abubuwa biyu da ke fita cikin ruwan.

Na farko shi ne kafeyin, wanda yake cikin goro. Shi ke kore barci da gajiya. In ya yi yawa sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu ya yi rawa. Kofin fari ya fi ɗauke da shi. Saboda haka mai fama da rashin barci ya bar shi bayan magariba, mai gyambon ciki kuma kada ya sha shi bai karya ba.

Na biyu shi ne tanin, mai sa baki ya yi bauri. Danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. A nan muke so a saurara da kyau. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini, kuma yawancinmu daga gero da wake da zogale da yakuwa muke samunsa, tun da nama ba kullum ba ne. In aka sha shayi a kan abinci, tanin yakan kama ƙarfen nan a cikin ciki, ya hana babban rabonsa shiga jini. Ga shi kuwa al'adarmu ce a ɗora buta da an wanke hannu. Ƙaƙƙarfan namiji ba lalle ya ji komai ba. Amma mace mai ciki, da mai jego, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya shanye wa jini, su ne ke cutuwa. Maganin abin mai sauƙi ne: a jinkirta aƙalla awa 1 bayan cin abinci. Macen da aka bai wa ƙwayoyin ƙarin jini wurin awon ciki, ta haɗiye su da ruwa, ba da shayi ba. Ƙananan yara kuma a daina miƙa musu kofi na uku da sunan ai ya salance.

Sai sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, in an rage zuwa 25 ya fi. Ƙwayar sukari guda ta kai giram 5 ko ta ɗara. Kowa ya ƙirga nawa ake jefawa cikin butar fadarsu, sau nawa kuma ake ɗora ta daga safe zuwa dare. Mai ciwon sukari dai ya roƙi a zuba masa nasa kafin a sa. A kuma bar kofi ya ɗan huce, don shan abu da tsananin zafi kullum yana ƙona maƙogwaro. Masu jefa ƙwayar tiramol cikin buta kuwa, wannan ba shayi ba ne, shaye-shaye ne, yana kuma jawo farfaɗiya.

Ga mai son ya ji ainihin ɗanɗano, ya sayi ganye busasshe ƙamas mai ƙamshi, wanda bai yi warin rima ba, ya adana shi cikin gwangwani mai marfi nesa da kananzir da sabulu. Ya ɗauraye shi da ruwan zafi, ya zubar, sa'annan ya dafa. Na'ana'a tana sa a rage sukari ba a ji ba, kuma ita kam muna iya nomanta. A fadamun Dallol Mawri ruwa ba shi da nisa. A yanko reshe mai tsawon yatsa, a dasa gefen fangalin albasa ko salati inda inuwa ke sauka, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Tana yaɗo ƙwarai, don haka a keɓe mata wurinta, ko a dasa ta cikin tsohuwar tukunya mai huda a gindi.