Ina Ƙunshin Bayananku Yake Maƙalewa?

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano lokacin rajistar JAMB ya san irin cunkoson da ake yi a shagunan kwamfuta. A wani shago da muka leƙa, ɗalibai sun yi layi da takardunsu, mai shago kuwa sai share gumi yake yi. Hotunan da ya ɗauka suna cikin babbar kwamfutar ajiya da ke ɗakin baya, amma janyo su zuwa kwamfutar gaba ya zama aiki. Abin da ya saba ɗaukar daƙiƙa kaɗan ya koma na mintuna. Kowa na cewa "netwok ne", alhali bayanan ko fita daga shagon ba su yi ba.

Kwamfuta ba ta aika hoto a dunƙule. Takan yayyanka shi ƙanana, kowane ƙunshi bai cika wuce bayit 1,500 ba, ta sa wa kowanne lamba. Ku ɗauka ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya raba dilolin atamfa ga 'yan dako, kowace dila da lambarta. Idan ta bakwai ba ta iso ba, mai karɓa zai tsaya a sake aiko ta. Haka tsarin TCP, wanda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana a 1974, yake aiki. Hoton zai iso cikakke, amma duk ƙunshin da ya ɓace yakan sa mai aikawa ya maimaita, ya kuma rage gudu.

Mai gyaran da aka kira bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi gwaji da ping, wata 'yar manhaja da Mike Muuss ya rubuta a 1983. A Windows ana rubuta ping -n 100 sannan adireshin kwamfutar ajiya. Idan an aika 100 aka samu amsar 95, kashi 5 cikin ɗari sun ɓace. A cikin shago ɗaya, kan waya, bai kamata ko ɗaya ya ɓace ba.

Daga nan ya bi hanya gaɓa-gaɓa. Ya maimaita gwajin daga wata kwamfutar, ya ga komai ya dawo. Ke nan kwamfutar ajiya lafiyarta ƙalau, haka ma akwatin da ke rarraba wayoyi. Ya sauya ramin da wayar ke shiga a akwatin, matsalar ba ta tafi ba. Da ya sa sabuwar waya, sai amsa ta dawo 100 cif. Ashe ƙafar tebur ce ta daɗe tana danne tsohuwar.

Ya lissafa mana sauran wuraren da ake dubawa. Irin wannan waya tana da silli 8 a ciki, kuma ƙa'ida kada tsawonta ya wuce mita 100. Kan wayar yakan saki, ƙurar hunturu takan cika ramuka, zafi yakan gajiyar da akwatin rarrabawa. Idan kuma kwamfutoci da yawa suka afka wa ma'ajiya lokaci guda, akwatin yakan cika ya zubar da abin da ya kasa riƙewa.

Wani lokaci laifin daga nesa yake, kamar a ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, Najeriya ta ji a jikinta. Amma kafin ku ɗora wa teku laifi, ku fara da abin da ke gabanku. A ɗakin kwamfutar makarantarku, ku nemi izinin malami ku gwada ping tsakanin kwamfutoci biyu, ku rubuta sakamakon, ku sauya abu ɗaya kacal, sannan ku sake gwadawa.