Kyamarar tsaro mai araha: Me ya sa take ba da kunya ranar da aka fi buƙatarta?

Daga Agege da Idi-Araba a Legas zuwa Sabon Ibadan da Fatakwal, 'yan Arewa da yawa masu shago da masu canji sun saka kyamarar tsaro a gida ko wurin sana'a. Galibi saiti mai araha ake saye: kyamara 4 da akwatin naɗar bidiyo da ake kira DVR. Sai ranar da aka yi sata, a je duba bidiyo a tarar babu komai a ciki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ganin hoto a talabijin ba ya nufin na'urar tana ajiye shi. Kyamara aikinta nunawa, ajiya kuma aikin faifan da ke cikin DVR ne. Faifan zai iya mutuwa tun watanni, hoto kuma yana fitowa tas.

Ina matsalar take?

Na farko, faifan kansa. Don a rage kuɗi, wasu masu sayarwa kan saka tsohon faifan kwamfuta, wanda ba a yi shi don aikin dare da rana ba. Akwai faifan da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk. Sannan ko faifan lafiya lau yake, idan ya cika sai na'urar ta goge tsohon bidiyo ta hau kai da sabo. Kyamara 4 masu ɗaukar hoto mai kyau za su iya cika faifan terabayit 1 cikin kwana 10 zuwa mako 2. Ka tafi gida Arewa hutun Sallah ka yi wata guda, to abin da ya faru a makon farko ya tafi ke nan.

Na biyu, wuta. Ɗaukewar wutar NEPA da komawa kan janareta sau da yawa a rana na lalata faifai, yana kuma ƙona ƙaramar adaftar nan mai bolt 12 da ke zuwa da saitin. Ƙaramin UPS yana rage wannan sosai.

Na uku, agogo. A cikin akwatin akwai ɗan batir mai kamar kwabo, shi ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Bidiyon da kwanan watansa ba daidai ba kuwa, nemo shi aiki ne, kafa hujja da shi a gaban 'yan sanda ma wani aikin ne.

Ga kuma damshin Kudu. Ruwan sama da iskar teku na sa bakin wayoyin tsatsa, hoto ya riƙa rawa ko ya ɗauke.

Wa za ka kama?

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin saitin masu araha kayan cikinsu iri ɗaya ne daga masana'antun Chana, mai shigo da kaya ne kawai ke liƙa sunan da ya ga dama. Babu ofishi a Najeriya, babu lambar da za ka kira. Mai shago ya ce laifin wanda ya haɗa ne, wanda ya haɗa ya ce wuta ce ta ƙona, garanti kuma ba ya ɗaukar wuta. Manhajar kallo ta waya ma in ta daina aiki, shi ke nan.

Akwai kuma batun tsaro. A shekarar 2016, masu kutse sun yi amfani da dubban kyamarori da DVR da ba a canza musu lambar sirri ba suka kai harin da ya durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka, har kamfanin Xiongmai na Chana ya janye wasu kayansa. Don haka ka canza lambar sirrin tun ranar farko.

Ta fuskar doka, kana da haƙƙi. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ta ba ka damar mayar da kayan da ke da aibi, rubutun "ba a mayar da kaya" a rasit bai soke ta ba. Ana kai ƙorafi hukumar FCCPC, a Legas kuma akwai LASCOPA. A manyan kasuwanni irin Alaba, ƙungiyar 'yan kasuwa ma kan shiga tsakani. Amma duk sai da rasit.

Saboda haka ka sayi kayan a shago mai lamba, ba wajen yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa ba. A rubuta maka lambar na'ura, girman faifai da tsawon garanti a rasit. Kafin ka sallami mai haɗawa, ya koya maka yadda ake dawo da bidiyon jiya da kwafe shi a filashi. Daga nan kuma duk Juma'a ka ɗauki minti 5 ka duba ko na jiya yana nan, kwanan wata kuma daidai yake.