Daga Kwatar Kukuo Zuwa Zauren Majalisar Birni

Duk wanda ya san Kukuo shekaru talatin da suka wuce, idan ya dawo yau sai ya nemi ɗan jagora. Filayen da ake shuka masara da gyaɗa a kewayen babban asibitin Tamale, wanda aka buɗe a 1974, sun zama gidaje da shaguna da makarantu. Gari ya bunƙasa, alhamdu lillahi, amma kwata da bola da hanyoyin cikin unguwa ba su bunƙasa tare da shi ba. Mukan zauna a ƙofar masallaci mu ce gwamnati ta manta da mu, alhali yawancin waɗannan al'amura ba a Ankara ake yanke su ba. A nan Tamale ake yanke su, a zaman Majalisar Birni, inda da wuya a ga fuskar Bahaushe.

Yadda garin ya girma

Turawan Ingila sun ɗauke hedkwatar mulkin arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale a 1907. Kafin nan, yaƙin Salaga na 1892 ya riga ya watsa fataken goro, kakanninmu ke nan, zuwa garuruwa dabam-dabam, kuma da sabuwar hedkwata ta kafu sai 'yan kasuwa suka biyo ta aka yi zango. A ƙidayar 1984 mutanen Tamale kimanin 136,000 ne, a ta 2000 sun haura 200,000. A 2004 aka ɗaga majalisar garin zuwa matsayin ta babban birni, a 2012 kuma aka yanke Sagnarigu ta zama gunduma mai zaman kanta. Duk da wannan rabuwa, ƙidayar 2021 ta sami mutum kusan 375,000 a ɓangaren Tamale, da wasu fiye da 340,000 a Sagnarigu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wane ne ke da wane aiki?

Sau da yawa mukan kai kuka inda ba a nan maganinsa yake ba. Ruwan famfo, alal misali, ba na Majalisa ba ne. Kamfanin ruwa na ƙasa shi ke jawo shi daga kogin Bolta Fari a Nawuni, a tace shi a Dalun, sannan a turo shi gari. An kafa wannan matata a 1972, an faɗaɗa ta a 2008, amma jama'a sun sake fin ƙarfinta, shi ya sa da rani ake ganin yara da galan Kufuor suna bin tankar ruwa. Gadar sama ta tsakiyar gari da aka buɗe a 2022 aikin gwamnatin tsakiya ce. Filaye kuwa, a nan arewa, suna hannun sarakunan gargajiya, su ne ke yanka su ba mai so.

Abin da ke hannun Majalisa shi ne wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu. Ita ke amincewa da taswirar unguwa, wato inda hanya za ta bi, da inda za a bar wa makaranta ko kasuwa ko maƙabarta. Ita ke ba da takardar izinin gini, tana kuma da ikon tsayar da ginin da ya tare hanyar ruwa. Tsabtar gari tana wuyanta, tun daga akwatin bola na unguwa har zuwa babban juji na Gbalahi, ko da ta ba wani kamfani kwangilar kwasa. Haka nan kasuwanni, da tashoshin mota, da bayan gidan jama'a, da ginin makarantun firamare.

Kowace shekara kuma wakilai sukan zauna su tsayar da kuɗaɗen da za a karɓa a shekara mai zuwa: tikitin kasuwa, da hayar rumfa, da lasisin sana'a, da harajin gida, da kuɗin kai wanda iyayenmu ke kira lampo. Mahauci da tela da mai sayar da koko duk wannan takarda ta shafe su. Akan gayyaci ƙungiyoyin 'yan kasuwa su faɗi ra'ayinsu kafin a zartar. Wanda bai je ba, sai dai ya ga mai tikiti a gaban teburinsa da sabon farashi.

Yadda ake kafa Majalisar

Wannan tsari ya faro ne da dokar 1988, zamanin Rawlings, wadda ta kafa gundumomi 110, kuma tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da shi. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2016 ce. Kashi 70 cikin 100 na wakilai jama'a ne ke zaɓensu, kowace mazaɓa mutum ɗaya, ba da tutar jam'iyya ba. Sauran shugaban ƙasa ke naɗa su bayan shawara da sarakuna da ƙungiyoyi. Shugaban birni ma shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunansa, amma ba zai hau kujera ba sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka jefa ƙuri'a sun amince. Ban da harajin da take tarawa, Majalisa tana samun rabo daga asusun gundumomi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa.

Akwai wani hakki namu da mutane da yawa ba su sani ba. Doka ta wajabta wa wakilin unguwa, wato asambiliman, ya gana da mutanensa kafin zaman Majalisa domin ya ɗauki bukatunsu, bayan zama kuma ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. Majalisa tana zama aƙalla sau uku a shekara, tana kuma da kwamitin sauraren ƙorafin jama'a. Wannan ba alfarma ba ce da za a roƙa da durƙuso.

Me ya hana mu shiga?

Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, aka kwashi mutanen zango da yawa a manyan motoci. Tun daga nan wasu suka ɗauka cewa zaman lafiyar Bahaushe shi ne ya biya tikiti ya yi shiru. Muna girmama wannan tsoro, amma zamaninsa ya wuce. Yaran da muke koyarwa a aji an haife su a nan, iyayensu ma haka, suna jin Dagbanci kamar Hausa, kuma ruwan da ya cika kwata ba ya tambayar ƙabilar mai gida kafin ya shiga ɗaki. Rashin fitowa zaɓen gunduma ciwo ne na ƙasa baki ɗaya, domin tun daga 1994 masu fitowa ba su kai rabin masu rajista ba. Ma'anar haka, unguwar da ta fito kwanta da kwarkwata, ƙuri'arta tana da nauyi.

An yi zaɓen gunduma na baya a Disamban 2023, kuma bayan shekara huɗu-huɗu ake yin sa. Kafin na gaba ya zo, muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin mata da matasa su nemi wakilinsu ya sa ranar ganawa, tare da maƙwabtanmu Dagwamba, a rubuta bukatu biyu ko uku a takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi. Mai sayen fili ya nemi ganin taswira kafin ya biya, kada ya gina a kan hanyar ruwa. 'Yan kasuwa su tura wakili zaman tsayar da haraji. Matasan da suka yi karatu su tsaya takarar kwamitin unguwa, domin daga nan ake koyon aikin. Da rani ake gyaran kwata, ba ranar da hadari ya haɗu ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Tamale da ƙasarmu Gana lafiya, amin.