Guraben Aiki a Cocin Angilika: Dayosis ɗin Dutse

Dayosis ɗin Dutse na Cocin Angilika ya kafu a 1996, shekara biyar bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa, a lokaci ɗaya da dayosis-dayosis na Kebbi, Damaturu da Jalingo. Yana ƙarƙashin Lardin Kaduna, Bishop Yusufu Lumu ne ya fara jagorantarsa, Bishop Markus Danbinta ya gaje shi. Matashin Kirista da ke zaune a Limawa ko wata unguwa a Dutse, in yana son aikin ikilisiya, ta wannan dayosis zai bi.

Masu wannan aiki "kira" suke ce masa. Mutum yakan fara bayyana niyyarsa ga limamin majami'arsu, shi kuma ya gabatar da shi ga bishop, a tantance halinsa da iliminsa. Wanda aka amince da shi yakan tafi makarantar tauhidi, kuma wadda 'yan Arewa suka fi sani ita ce Kwalejin St. Francis da ke Wusasa a Zariya, garin da mishan ɗin Angilika na CMS ya yi zango tun zamanin Dokta Walter Miller. Bayan karatu sai bishop ya ɗibiya masa hannu ya zama dikin, yawanci bayan shekara guda a keɓe shi firist. A sannan ne yake da ikon keɓe Jibin Ubangiji. Muƙaman kanon da acidikin sai an daɗe ana hidima; bishop kuwa majalisar bishop-bishop ce ke zaɓensa.

Sai dai nauyin aikin a tsakiyar Jigawa ya fi sauka a kan masu bishara da katikis, waɗanda ke riƙe ƙananan majami'u a ƙauyuka. Su ke jagorantar sujada, su koyar da masu shirin baftisma, su duba marar lafiya. Abin da ake ba su daga baikon jama'a yake fitowa, jama'ar kuma ba ta da yawa, shi ya sa da dama ke haɗawa da noma. A nan mai iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, mai zaman mutunci da maƙwabtansa Musulmi, ya fi kowa amfani.

Cocin Angilika na Najeriya ba ya naɗa mata firist, amma matan ne ke tafiyar da ƙungiyoyin mata da makarantar Lahadi. Ofishin dayosis kuma yana buƙatar akawu, ma'aji da direba.