Taswirar Ɗan Issa a intanet: Wane tubali ya dace matasa su yi gini da shi?

Garin Ɗan Issa na gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, kimanin kilomita 40 daga birnin Maraɗi, a kan hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina. A nan ofishin duwan yake, kuma ta nan manyan motoci ke bi da kaya tsakanin Nijar da Najeriya.

Yankin na sauyawa da sauri. A shekarar 2021 labarin zinare ya jawo dubban mutane cikin 'yan watanni, kuma a ranar 7 ga Nuwamban shekarar ramin haƙa ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021.

Sabbin matsugunai, hanyoyin da ruwa ke yankewa, rijiyoyi da ɗakunan shan magani, duk abubuwa ne da taswirar takarda ba ta iya bin sauyinsu. Shi ya sa taswirar intanet ke da amfani. Sai dai matashin da ya koyi rubuta manhaja a Maraɗi, Yamai ko Kano, ko ɗan yankin da ke zaune a ƙetare yana son taimaka wa gida, zai fara cin karo da tambaya guda: da wane tubali zai gina ta?

Tubala huɗu da aka fi sani

Na farko shi ne Google Maps, wanda ya buɗe ƙofa ga masu gina manhaja tun 2005. Kowa ya saba da shi, kuma yana da hotunan tauraron ɗan'adam. Amma tun 2018 sai mutum ya haɗa asusunsa da hanyar biyan kuɗi kafin ya yi aiki da shi sosai. A tsarin da ya fara aiki a Maris 2025, ana buɗe taswira sau 10,000 kyauta a wata, daga nan kuma dala 7 ne kan kowane buɗewa 1,000.

Na biyu Leaflet ne, wanda Volodymyr Agafonkin ɗan ƙasar Yukren ya fitar a 2011. Kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi ya gyara, kuma nauyinsa bai wuce kilobayit 42 ba, wato bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba.

Na uku OpenLayers ne, da ya fito a 2006. Shi ma kyauta ne, ya fi Leaflet nauyi da wuyar koyo, amma ya fi shi iya karanta nau'o'in bayanan da hukumomin safiyo da masana ƙasa ke amfani da su.

Na huɗu MapLibre ne. An haife shi a Disamban 2020, lokacin da kamfanin Mapbox ya sauya lasisin manhajarsa ya rufe ta, sai masu amfani da ita suka ɗauki tsohon zubin da ke buɗe suka ci gaba da gina shi. Taswirarsa na juyawa da santsi, amma wayar ce ke yin aikin zana ta, don haka tana buƙatar waya mai ƙarfi.

Waya da rezo ne alƙalai

Wanda ya gwada manhajarsa a kwamfuta mai intanet mai sauri zai ga duka huɗun na aiki lafiya. A ƙauyen da ke bakin iyaka kuwa, labarin daban ne. Wayoyin Android masu araha ne suka fi yawa, data da tsada, rezon Airtel, Moov ko Zamani kan ɗauke, wani lokaci wayar ta kama layin Najeriya. Wuta ma ba ta da tabbas: Maraɗi na samun lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma an ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

A irin wannan yanayi, taswirar da ke nuna rijiyoyi, makarantu ko wuraren da ruwa ke cin hanya ba ta buƙatar abin da ya wuce Leaflet. Idan aikin na hukuma ne da zai haɗu da bayanan Cibiyar Taswira ta Ƙasa, IGNN, ko na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, OpenLayers ya fi dacewa. MapLibre kuma ya dace da manhajar da aka yi domin 'yan birni da mazauna ƙetare.

Batun kuɗi ma abin lura ne. Kuɗin Google da dala ake biya ta katin banki, abin da yawancin ƙungiyoyin matasa ba su da shi. Ga shi kuma duk lokacin da taswirar ta yi farin jini, kamar ranar ambaliya da kowa ke buɗe ta, a lokacin ne kuɗin ke hawa.

Tubali ba shi ne taswira ba

Abin da sababbin shiga kan manta shi ne, Leaflet, OpenLayers da MapLibre ba su ɗauke da taswirar ko'ina. Aikinsu nuna abin da aka ba su ne kawai. Yawanci ana ɗauko bayanan daga OpenStreetMap, taswirar duniya da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Idan ba wanda ya zana hanyar da ta haɗa wani ƙauye da Ɗan Issa, babu tubalin da zai nuna ta.

Akwai darasi kusa. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a arewacin Najeriya, an gano cewa taswirorin da aka zana da hannu na tsallake wasu matsugunai. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka bai wa masu rigakafi wayoyi masu GPS, inda ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. A Nijar ma akwai ƙungiyar OSM Niger, wadda matasanta suka yi aikin tattara bayanan unguwannin Yamai da ambaliya ke yi wa barazana.

Kayan wannan aiki kyauta ne. KoboToolbox da ODK na karɓar bayanai ko babu intanet, su tura daga baya. QGIS na tace su a kwamfuta. Sai dai OpenStreetMap na da ƙa'ida: dole a ambaci sunanta a kan taswira, kuma ba ta yarda a ɗora wa kwamfutocinta nauyin manhaja mai jama'a da yawa ba. Mafita ita ce a yanko yankin Maraɗi kaɗai a ajiye a wurin ajiya na kai.

Sunaye ma matsala ne. Wani zai rubuta Dan Issa, wani Dan-Issa, wani Ɗan Isa. Madarounfa ce a takardun hukuma, Madarunfa a rubutun Hausa. OpenStreetMap na ba da damar ajiye sunan Hausa da na Faransanci a wuri guda, amma sai mai gina manhaja ya tsara akwatin bincikensa yadda wanda wayarsa ba ta da harafin Ɗ zai samu abin da yake nema.

Abin da bai kamata a ɗora ba

Gundumar Madarunfa ta sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane a kan iyaka. Taswirar da ta nuna garken dabbobi, gidan ɗan kasuwa ko wurin sayen zinare na iya zama jagora ga ɓarawo. Abin da aka saka a OpenStreetMap kowa a duniya na iya saukewa. Don haka hanyoyi, makarantu da asibitoci su tafi fili, bayanan mutane da dukiyarsu kuma su zauna a rufe. Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai.

Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, ya kamata a zauna da hukumomin ƙaramar hukuma da masu unguwanni a amince kan abin da za a tattara da wanda zai riƙe shi. Idan an ajiye bayanan a tsari buɗaɗɗe irin GeoJSON, sauya tubali daga baya aikin 'yan kwanaki ne. Sake zagaya ƙauyukan Ɗan Issa a kan babur kuwa domin tattara su daga farko, aikin watanni ne.