Ƙaddara da aikin hannun mutum: abin da fim ɗin Sarauniya ke tuna wa ƙasar Tasawa

Tun da aka kafa Tele-Sahel a shekarar 1979, wasan kwaikwayo ya shiga hirar dare a garuruwan Tasawa da Mayahi. Daga baya wasannin Kano suka biyo ta tauraron ɗan'adam. A cikin da yawa daga wasannin nan, idan masifa ta afku, ɗan wasa yakan ce ƙaddara ce, a rufe zance. Amma akwai fim guda da bai yarda a rufe zance haka ba, kuma ƙarshen labarinsa a ƙasar Tasawa ya faru.

Fim ɗin shi ne Sarauniya, wanda Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya shirya a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. An ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin Fespaco a Wagadugu a 1987.

Labarin ba ƙage ba ne. A 1898 gwamnatin Faransa ta aiko da rundunar kyaftin Voulet da Chanoine don ta kai tafkin Cadi. Rundunar ta zo tana ƙone garuruwa tana kashe jama'a. Ta gwabza da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu na 1899, ta ragargaza Birnin Ƙonni, sannan ta shigo ƙasar Tasawa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi. Kafin kwana huɗu su cika, sojojinsu na Afirka suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. A Maijirgi aka binne su.

Mai kallo zai iya cewa alhakin bayin Allah ne ya kama su. To, amma wasan ya fi haka zurfi. Aï Keïta, wadda ta fito a Sarauniya, ta rinjayi mai kallo da natsuwa da kwarjini. Jean-Roger Milo kuwa ya nuna Voulet yana zamewa cikin hauka sannu a hankali, har ya ce shi ba Bafaranshe ba ne kuma. Nan ne ya kamata mai kallo ya lura. Ƙwarewar ɗan wasa tana iya sa a ɗora laifin duka kan haukan mutum guda, a manta cewa hukuma ce ta ba shi bindigogi, ta bar rundunarsa ta ci daga rumbunan talakawa.

Raunin bai warke ba. A cikin fim ɗin tarihi African Apocalypse na 2020, jikokin waɗanda abin ya shafa sun faɗi abin da kakanninsu suka gaya musu, bayan shekara fiye da 120.

Musulmi ya yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci. Imanin nan bai taɓa ɗauke wa azzalumi alhakinsa ba. Saboda haka, ya dace masu tsara wasanni su bar wa wanda aka cuta bakinsa, su nuna hannun da ya yi ɓarna. Malaman yaƙi da jahilci kuma suna da aiki: ɗalibansu na iya rubuta abin da tsofaffin Maijirgi da Dankori suka riƙe, tun kafin ƙasa ta rufe shi.