Sitar da Tabla: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Daga Dabai zuwa cikin garin Zuru, da wuya a sami wanda kunnensa bai saba da waƙar Indiya ba, ko a rediyo, ko a gidan kallo, ko a wayar hannu. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, kuma jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu. Abdu Yaron Goge ya riƙa juya karin waƙoƙinsu da gogensa, masu bandiri a Kano suka mayar da wasu begen Annabi (SAW), daga baya Kannywood ta gaji salon. Sai dai waƙar fim reshe ce kawai. Tushenta wani tsohon kiɗa ne na arewacin Indiya da ake kira Hindustani, wanda ya bunƙasa a fadar sarakuna, kamar fadar Sarki Akbar inda mawaƙi Tansen ya yi tashe a ƙarni na 16. Kayan kiɗansa da suka fi shahara a duniya su ne sitar da tabla.

Yadda sitar take

Gindin sitar busasshen duma ne, an haɗa shi da dogon wuyan katako. A kan wuyan akwai lanƙwasassun ƙarafa wajen 20 da aka ɗaure da zare, ana iya matsar da su gwargwadon sautin da ake so. Manyan tsirkiyoyinta na ƙarfe shida ne ko bakwai, makaɗi na kaɗa su da wata 'yar waya da yake sawa a ɗan ali, wato yatsan nuni. A ƙarƙashinsu akwai wasu ƙanana 11 zuwa 13 da ba a cika taɓawa ba. Su da kansu suke amsawa idan aka kaɗa na sama, shi ya sa amon sitar ke da wannan dogon shauƙi. Gwanin sitar kan ja tsirkiya gefe da yatsa, sauti ya zame daga wani mataki zuwa wani ba tare da yankewa ba, har ka ce mutum ne ke rera waƙa.

Yadda tabla take

Tabla ganguna biyu ne da ake kaɗawa a zaune, da yatsu da tafin hannu, ba da makaɗi ba. Ƙaramar, mai suna dayan, ta katako ce mai zaƙin murya. Babbar, bayan, ta ƙarfe ce mai kauri. An rufe su da fatar akuya, kuma a kan kowace akwai baƙin tabo da ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama, shi ke tace amon. Wanda ya san yadda mai kalangu ke matsa tsirkiya a hammata don ganga ta yi magana zai gane abin da mai tabla ke yi: yana danna fatar bayan da gindin tafinsa, muryar ta hau ta sauka.

Kowane bugu yana da sunansa da ake faɗa da baki, irin su dha, dhin, na da tin. Ɗalibi kan haddace jerin bugun da bakinsa, sannan hannu ya bi.

Ƙa'idoji biyu: raga da tala

Raga ita ce tsarin sautukan da makaɗi zai bi: waɗanda zai hau da su, waɗanda zai sauka da su, da inda zai daɗe. Yawancin raga suna da lokacinsu. Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Malhar kuwa ta damina. Tala ita ce zagayen bugu. Wadda aka fi amfani da ita, tintal, tana da bugu 16 kashi huɗu, kuma duk yawon da makaɗa za su yi, tilas su haɗu a bugun farko da ake kira sam.

Yadda zaman kiɗa ke gudana

Mai sitar ne ke farawa shi kaɗai, a hankali, babu ganga. Wannan shi ne alap, inda yake gabatar da raga sauti bayan sauti, yayin da wani a bayansa ke kaɗa wani abin kiɗa da ake kira tanpura don riƙe amo ɗaya. A nan sabon mai sauraro kan ƙosa, alhali nan ne gwaninta take. Daga nan kiɗa ya fara tafiya a matakin jor, ya yi sauri a jhala. Sai tabla ta shigo, a shiga matakin gat. Mai sitar ya jefa jimla, mai tabla ya mayar masa, su yi ta ba juna amsa har su dira kan sam tare, 'yan kallo su ɗauki "wah, wah". Mafi yawan abin da ake ji nan take ake ƙirƙirarsa, amma cikin iyakar ƙa'ida. Raga guda na iya cin awa ɗaya.

Waɗanda suka kai shi duniya

Ravi Shankar, haifaffen Banaras a 1920, ya koyi sitar a hannun Allauddin Khan a garin Maihar daga 1938 zuwa 1944, yana zaune a wurin malamin. Shi da mai tabla Alla Rakha suka yi wasa a bikin Monterey a Amurka a 1967 da na Woodstock a 1969, kuma Shankar ne ya koya wa George Harrison na ƙungiyar Beatles sitar. Shankar ya rasu a 2012. Vilayat Khan, wanda ya rasu a 2004, ya shahara da sa sitar ta kwaikwayi muryar mawaƙi. Zakir Hussain, ɗan Alla Rakha, ya gaji mahaifinsa har rasuwarsa a Disambar 2024.

Abin da ya shafe mu

Wannan kiɗa bai rayu ɗaruruwan shekaru da sa'a ba. Gidaje ne suka riƙe shi. A tabla kaɗai akwai manyan gidajen koyo shida, ciki har da na Delhi, Laknau, Banaras da Punjab, kuma kowane makaɗi na iya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar Zuru ma tana da dukiya irin wannan: kiɗa da waƙoƙin C'lela da ake ji a bikin Uhola, waɗanda ke cikin kan dattawa. Idan tsohon makaɗi ya rasu bai bar almajiri ba, abin da ya sani ya tafi ke nan. Matasan Dabai suna da waya a hannu, kuma malaman suna raye a unguwanninsu. Su durƙusa gabansu su ce, "Baba, koya mini," su ɗauki sautin, su tambayi sunan kowane kiɗa da lokacin da ake yin sa, su rubuta. Bai kamata Uhola ta bana ta wuce ba a fara wannan aiki ba.